Wa Zai Yi Mata Huɗuba?

Tun daga zaure Abdulgafar ya jiyo dariyar matarsa, irin dariyar nan tata mai ƙarewa da tari, wadda shi a ganinsa tasa ce shi kaɗai a duniya. Ya jingine mashin, ya kwance ledar agwalumar da ya sayo mata, ya yi sallama. Ko ji ba ta yi ba. Tana zaune bakin ƙofar ɗaki da farantin shinkafa a cinya, waya maƙale a kunne.

"Kai Dokta! Wallahi ina shan maganin, ba na fashi... To, zan gaya mashi. Tankiyu, na gode."

"Da wa kike waya?"

"Lah, Yaya! Yaushe ka shigo? Sannu da zuwa. Dokta Adnan ne, ya kira ya ji ko aman ya tsaya. Ya ce a gaishe ka."

"Ba na amsawa."

Amatullah ta ɗaga ido ta dube shi, sai ta sake fashewa da dariya. "Oh ni 'yasu! Kishi da likita? Sori mana, angona. Miƙo agwalumar nan, tun safe ɗanka ke nemanta."

Ya miƙa mata, har ya yi murmushi, amma murmushin iyakarsa leɓe. Shi fa ya tsani ya ji sunan mutumin nan a bakinta. Dogo ne, fari, ga gilashi ga ƙamshin turare, kuma in yana magana da Amatullah sai ya riƙa jefa Turanci tana mayar mashi, shi kuwa Abdulgafar yana gefe yana wasa da makullin mashin.

Abdulgafar shi ne auta a gidan marigayi Alhaji Rabo na Daudawa, yana da shagon taki da maganin feshi a bakin kasuwa. Amatullah 'yar Ƙanƙara ce, auren so suka yi, irin wanda unguwa ke kwatance da shi. Sai dai shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har ta shida, ko ɓatan wata Amatullah ba ta taɓa yi ba. Babu jiƙon da surukarta Hajiya Hajaratu ba ta ɗura mata ba, babu habaicin da ba ta sha ba a gidan biki. Da suka gaji suka sulale zuwa wani asibiti a Zariya, gwaji ya nuna Amatullah lafiyarta ƙalau. Matsalar daga wajensa take: 'ya'yan maniyyinsa sun yi kaɗan, waɗanda ke akwai ma ba su da kuzarin isa inda ya kamata.

Ranar a mota suna komowa, Abdulgafar ya riƙe hannunta. "Don girman Allah kada kowa ya ji. In Yaya Yahuza ya ji, in abokaina suka ji, na gama yawo a garin nan."

"Sirrinka nawa ne, Yaya. Har kabarina."

Maganin da Dokta Adnan ya ba da shawara ba mai wuya ba ne. Ana karɓar maniyyin miji, a wanke shi, a tace masu ƙarfin, sannan a ranar da ƙwan mace ya nuna a sa su cikin mahaifarta kai tsaye da wani siririn bututun roba. Sun tambayi malami, ya ce muddin na mijin ne kuma da aure a tsakani, babu laifi. Na farko bai kama ba, na biyu ma haka, Amatullah ta yi kuka har idonta ya kumbura. A na uku Allah ya amsa. Yanzu ga ciki ya fara turo zane, Hajiya ta koma kiranta "ɗiyata", har fura take damawa da hannunta ta aiko mata.

To, a cikin wannan daɗin ne saniyar Yaya Yahuza ta haihu.

Yahuza shi ne babban wansu. Tun da ɓarayin daji suka kore mashi garke, ya daina tara shanu da yawa, ya ajiye 'yan kaɗan a garkar bayan gida, ya ce gara kaɗan masu nono. Shi ne ya kira malamin dabbobi ya yi wa farar saniyarsa allurar barbara. Ranar da ta haihu, da hantsi gida ya ɗauki hayaniya, kowa ya nufi garka. Ga saniya fara tas irin tamu, ga maraƙi a ƙarƙashinta dabbare-dabbare, baƙi da fari, ba tozo, ko kusa bai yi kama da shanun Daudawa ba.

"Tubarkalla!" in ji Hajiya tana tafa hannu. "Yau maraƙi, gobe jika. Af, Auta, na tuna. Wai wane magani ne aka ba ɗiyata a Zariya? Akwai wata ɗiyar ƙawata a Sabuwa, ita ma shiru har yau."

Abdulgafar ya sosa ƙeya. "Wata 'yar allura ce, Hajiya. A mahaifa ake sa ta."

Yahuza da ke tsugune yana goge maraƙin da buhu ya tsaya cak. Ya miƙe a hankali.

"Allura? A mahaihwa? Irin wadda aka yi ma saniyar ga?"

"Haba Yaya, ba haka ba ne..."

"Tsaya, Auta. Ni na riƙe wutsiyar saniyar ga da hannuna. Mutumin ya buɗe wani tulu mai hayaƙin sanyi, ya zaro irin wani bijimi da ko ƙasarsu ban sani ba, ya sa mata. Ga abin da ta haihwa, kana gani. To ita matarka, irin wa aka sa mata?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hajiya ta dafe ƙirji.

"Nawa ne, Yaya. Wallahi nawa ne."

"In naka ne, mi ya kai ku asibiti? Ba ɗaki guda kuke kwana ba?"

Nan fa ake yinta! Amsar tana bakinsa, gajeriya ce, amma ga matar Yahuza a tsaye, ga maƙwabta sun leƙo ta katanga kallon maraƙi. Abdulgafar ya haɗiye ta.

Yahuza ba mugu ba ne, tsakaninsa da Allah yake ganin an cuci ƙanensa. Ya dafa kafaɗarsa ya rage murya. "To bar wannan. Lokacin da aka sa mata, kana wurin? Ka gani da idonka?"

Wannan tambayar ita ta kashe shi, domin bai gani ba. Duk zuwan da suka yi, in ya ba da nasa a 'yar kwalba, nas takan leƙo ta ce, "Maigidan Amatullah, shigo ka tsaya kusa da matarka, ka ga abinka da idonka." Shi kuwa kunya ba ta barinsa. Sai ya ce zai je salla, ya fice ya zauna a gindin bishiya har a gama.

Daga ranar Abdulgafar bai ƙara samun sukuni ba. Yana auna wa manomi taki, hankalinsa na Zariya. Ɗaki a rufe, matarsa a kwance, mutumin nan mai gilashi a tsaye. Wa ya san abin da ke cikin bututun? Nasa da aka ce ba shi da ƙarfi, ya aka yi dare ɗaya ya yi ƙarfi? Kuma me ya sa likita zai riƙa kiran matar mutum yana tambayar amai? In Amatullah ta shafa cikinta tana murmushi, sai ya ji kamar an watsa mashi barkono a ƙirji. Ya hana ta amsa wayar asibitin. Ya daina cin abincinta da daɗi. Kishi yake, kishi mai zafi, har da abin da ke cikinta yake kishi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ta tare shi a ɗaki.

"Yaya, plis ka gaya mani laifina. Hajiya ta daina amsa gaisuwata, matan gidan nan in na fito sai su yi shiru. Kai ma ka juya mani baya. Me na yi?"

Bai dube ta ba ya ce, "Ranar nan ta ƙarshe... ke da likitan nan kaɗai ne a ɗakin?"

Da farko ba ta fahimta ba. Da ta fahimta, sai ta ja da baya ta zauna a bakin gado.

"Ni kake tambaya wannan? Ni, Abdulgafar?" Tunda suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa gatsal ba sai ranar. "Nas biyu na tsaye a kaina! Na ce a kira ka, aka dawo aka ce ka fita. Ina kwance ina jin tsoro, ina ta kallon ƙofa ko za ka shigo, ba ka shigo ba. Yau kuma ni ce abin zargi?"

"Ni ban ce kin yi wani abu ba. Amma su likitocin nan..."

"To ka fito tsakar gida ka gaya masu abin da ya kai mu. Magana ɗaya ce, Yaya! Ka faɗe ta su bar ni in sha iska."

"Kin yi mani alkawari."

"Na yi, kuma ba zan karya ba. Amma kai ma ka yi mani wani alkawarin a gaban waliyyaina."

Ta kifa kai a filo ta yi kuka mai cin rai. Shi kuwa ya ɗauki hularsa ya fita, don ba zai iya kallo ba.

Al'ada ce mai cikin fari ta tafi gidan iyayenta goyon ciki in haihuwa ta matso. Hajiya ba ta jira ta matso ba. Ta kira Amatullah ta ce, "Ki tahi gida ki haihu. In an haihu ma ga kamannin abin da aka samu." Abdulgafar na tsaye aka sa akwatinta a motar Ƙanƙara. Ta leƙo ta taga tana jiran ya ce wani abu. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya tsare hanya."

Gidan ya yi mashi faɗi. Sai ga shi wata safiya ya rufe shago ya hau motar Zariya, zuciyarsa na tafasa, ya rantse sai ya ci kwalar likitan nan. Ya zauna a layin jira yana huci. Yana nan zaune Dokta Adnan ya fito raka wata mata da mijinta, yana tsokanarsu suna dariya, irin dai dariyar da yake ba Amatullah. Ya juya ga wani dattijo, shi ma haka. Can sai nas ta leƙo ta kira wani maigida. Wani ƙaton Alhaji mai babbar riga, wanda ya girmi Yahuza nesa ba kusa ba, ya miƙe riƙe da jakar matarsa ya shige ɗakin, ko gezau.

Da layi ya zo kansa, duk faɗan da ya haddace ya gudu, sai ya faɗi zarginsa a hankali. Likitan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya cire gilashinsa.

"Malam Abdulgafar, mu nan na miji kaɗai muke sa wa matarsa. Shi ya sa muke kiran mijin ya shigo ya shaida. Kuma duk wadda ta samu ciki a hannunmu muna kiranta mu ji lafiyarta. Lambarka muka fara kira, ba ka ɗauka. Ina Amatullah? Ta daina zuwa awo, hankalinmu ya tashi."

Ya fito jikinsa a sanyaye, zargin ya zube. To amma kada ku ce ya gyaru! Ya dawo Daudawa ya tarar da Yahuza da abokansa a ƙofar gida, ya buɗe baki, ya ga idanunsu, ya rufe. Kullum sai ya ce gobe. Da lokacin aika itacen wankan jego ya yi, Hajiya ta ce ko tsinke ba za a kai ba, shi kuma bai musa ba. Yakan kira Amatullah, ta gaishe shi da ladabi, ta ce lafiya lau, daga nan sai shiru.

Ana cikin kakar masara sai ga Harisu, yayan Amatullah, ya tsaya da mashin a ƙofar shago. Ko sauka bai yi ba.

"An sauka lafiya. Mace."

"Alhamdulillahi! Yaushe? Ya jikin..."

"Dakata, ban gama ba. Maganar da ake yi a gidanku ta iso Ƙanƙara, har a majalisa ana nuna Baba da baki. Baba ya zaunar da ita ya ce ta gaya mashi gaskiya. Ta rantse cikin naka ne. Ya ce to me ya kai ku ga allura? Ta ce sirrin aurenta ne. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, Inna ta yi kuka, yarinyar nan ta ƙi. Baba ya yi fushi ya daina shiga ɗakinta. Da naƙuda ta zo, sunanka take kira." Harisu ya ci gaba da cewa, "Yanzu ga jaririya kwance ba huɗuba. Baba ya zo zai yi mata, Amatullah ta rungume ta ta ce 'yarta tana da uba, shi take jira. To Baba ya ce in gaya maka: in rana ta faɗi gobe ba ka zo ba, zai yi mata da kansa, ya raɗa mata suna, kai kuma ka aiko da takardar 'yarsa."

Ya tada mashin ya tafi. Abdulgafar ya zauna a kan buhun taki, ya rufe fuska da hula, ya yi kuka kamar yaro. Ita tana can ta rasa uba ta rasa miji saboda ta rufa mashi asiri, shi yana nan yana tsoron dariyar majalisa!

Washegari da sassafe ya shiga wajen Hajiya ya durƙusa. "Ki shirya, ke da Yaya. Ƙanƙara za mu."

"Mu je mu ga kamannin?"

"Ku dai zo."

Sun isa kafin azahar. Gidan Malam Gide, mahaifin Amatullah, cike yake da 'yan barka. Aka shimfiɗa wa maza tabarma a zaure, Malam Gide ya amsa gaisuwarsu a daƙile. Abdulgafar ya ce yana roƙon a shiga tsakar gida, maganarsa ta kowa da kowa ce. Aka shiga. Mata suka ja mayafi suka yi tsit. Amatullah na ƙofar ɗaki a zaune, ta rame, jaririya a cinyarta.

Hajiya ba ta yi wata-wata ba ta nufi jaririyar, ta buɗe zanen tana leƙen hanci da kunne. Yarinya kuwa uwarta ce sak, ko farce ba ta ɗauko na gidan Alhaji Rabo ba. Hajiya ta ɗago ta dubi Yahuza.

"Hajiya, rufe ta, ba kama na zo nema ba." Muryar Abdulgafar ta kai har zaure. "Baba, Hajiya, Yaya, ku ji abin da ya kai mu asibiti. Ni ne ba ni da lafiya. Ni! Duk shekarun nan da ake ɗura wa Amatullah jiƙo ana kiranta juya, lafiyarta ƙalau. Maniyyina ne mai rauni, shi likita ya tace ya sa mata. Ba irin allurar shanu ba ce, Yaya, ba a kawo na kowa ba. An kira ni in shiga in gani, kunya ta hana ni. Na roƙe ta ta rufa mani asiri, ta rufa, ni kuma na tsaya ina kallo ana yaga nata. Har ni ma na zarge ta, don kishi ya rufe mani ido. 'Yar nan tawa ce. Wanda zai yi dariya ya yi da ni."

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa ce ma ta fara salati. Yahuza ya cire hula ya durƙusa a gaban Malam Gide. "Malam, bakina ya ja wannan. Na auna mutum da saniya. Ku yahe mani." Hajiya kuwa zama ta yi daɓas a ƙasa, ta kama ƙafar Amatullah tana kuka. "Ɗiyata, da wane ido zan dube ki? Duk ɗacin da na ba ki kika sha, ashe ba ke ba ce!"

Malam Gide ya taka har inda 'yarsa take, ya ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi maki albarka, Amatullah. Na yi fushi da ke a kan abin da ya kamata in yi alfahari da shi."

Abdulgafar ya matso ya tsuguna a gabanta, ya kasa haɗa ido da ita. "Ban san ko za ki iya yafe mani ba."

"Na ji zafi, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ba maganar Hajiya ce ta fi ci mani rai ba, tambayarka ce. Wannan sai a hankali." Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ɗago jaririyar ta miƙa mashi. "Amma karɓi. Tun da ta zo duniya take jiranka."

Ya karɓe ta da hannu biyu, ya kai bakinsa kunnenta na dama ya fara kiran salla. Bai kai rabi ba kuka ya sarƙe shi, ya tsaya, ya sake farowa, gida ya yi shiru ana jiransa har ya kai ƙarshe. Ya raɗa mata Nana Khadija, sunan mahaifiyar Amatullah, guɗa ta tashi har maƙwabta.

Bayan arba'in Amatullah ta koma ɗakinta da mutuncinta, Hajiya da kanta ta zo ɗaukarta. To 'yan'uwa, rashin haihuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama mace yana kama namiji, kuma neman maganinsa ta hanyar halal ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne namiji ya ɓuya a bayan matarsa, ya bar ta tana ɗaukar zagin da ba nata ba, sannan ya zo yana kishi a kan abin da tsoronsa ya hana shi gani. Amatullah ta riƙe amana a lokacin da riƙon ya fi zafi, Allah kuma ya wanke ta a gaban kowa, da bakin mutumin da ta rufa wa asiri.